Ƙuri'ar Uba da Ƙuri'ar Ɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, da ku matasa da kuka cika mana zauren nan duk da sanyin Ingila, Allah ya saka da alheri.

A gidanmu a Kano, hoton Malam Aminu yana rataye a zaure, sama da buzun sallar Baba. A zaɓen 1979 ba wanda ya tambayi wani wa zai zaɓa. Baba ya ce makulli, wato alamar PRP, jam'iyyar Malam Aminu, gida kaf aka dangwala mata, har da iyayenmu mata da ba su daɗe da samun 'yancin jefa ƙuri'a ba. Haka Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano bai cika shekara 40 ba, Balarabe Musa ya hau a Kaduna. Siyasa a lokacin gado ce, kamar gona.

Kwana uku kafin zaɓen 2023 na buga wa ɗan ƙanena waya, yaron da ni nake biya wa kuɗin makaranta. Na ce masa ga wanda za ka zaɓa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, kai fam kake kashewa, ni naira nake nema ban samu ba." Ranar ya wuni a layin banki saboda canjin kuɗi. Raina ya ɓaci, ban ɓoye muku ba. Amma da na kwanta sai na ga yaron bai yi mini rashin kunya ba. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ya faɗa, ni kuma ban ma tambaye shi ba.

Irinsa suna da yawa. Cikin mutum miliyan 93 da INEC ta yi wa rajista, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Ba su ga NEPU, jam'iyyar Malam Aminu ta farko, ba, ba su san rikicin Santsi da Taɓo da ya raba PRP gida biyu ba. Abin da suka sani yajin aikin jami'o'i, wanda na 2022 ya ci wata takwas, da takardar digiri a cikin akwati. An ga tasirinsu: Peter Obi ya kayar da Tinubu a Legas, Kwankwaso ya kwashe Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a jam'iyyar da mutane da yawa ba su san sunanta ba shekara guda kafin nan.

Sai dai abin da ke hana ni barci daban ne. A 2015 sama da kashi 40 na masu rajista suka fito, Kano kaɗai ta ba Buhari ƙuri'a miliyan 1.9, mutane suka kwana suna kasa suna tsarewa. A 2023 kashi 27 kacal suka fito. Yara sun karɓi kati, ranar zaɓe suka zauna a gida. Watan Agustan 2024 kuwa su ne suka cika titunan Kano da Kaduna kan tsadar rayuwa, aka yi asarar rayuka. Wanda ya fid da rai da akwatin zaɓe ba ya daina fushi, wuri kawai yake sake masa. Dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma kuɗin fom ɗin jam'iyya bai ragu ba.

Kada mu ɗauka abin na gida ne kaɗai. Da yawanmu tun da muka samu takarda jam'iyyar Labour ta nan Ingila muke zaɓa ido rufe. A Yulin 2024, saboda Gaza, ɗan takara mai zaman kansa ya kayar da jigon Labour a Leicester ta Kudu da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ba. Ku tambayi 'ya'yanku da ke zaune nan wa suka zaɓa, wasunku za su sha mamaki.

Mu mazauna waje doka ba ta ba mu damar jefa ƙuri'a a zaɓen Najeriya ba, sai dai kuɗi da waya. Don haka, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon a ware zaman wata mai zuwa ga matasa kaɗai su yi magana, mu dattawa mu kama bakinmu. A haɗa da 'yan uwansu na gida ta WhatsApp, ni zan kawo ɗan ƙanena. Wassalamu alaikum.