Gabar Spurn da Safe, Akwatin Fitila da Dare

Wannan siririyar ƙasar yashi da kuke gani ta kutsa cikin teku, sunanta Spurn, a gabashin Ingila. Ƙarshen Oktoba ne, sanyi ya fara shiga jiki, amma ga mutane tun asuba kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Iskar gabas suke jira. Idan ta kaɗo, ga hadari ga yayyafi, tsuntsayen da suka taso daga Norway da Sweden suna ƙetare teku sai su zube a ƙasar farko da suka tarar, a gajiye tilis.

Ku dubi wannan ɗan mitsitsin mai zanen rawaya a ka. Goldcrest Turawa ke ce masa. Nauyinsa bai wuce giram 6 ba, ƙwayar goro ɗaya ta fi shi nauyi, amma a haka ya keto tekun cikin dare. Ikon Allah ke nan.

Tun 1945 akwai cibiyar lura da tsuntsaye a nan. Ana kama su, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a rubuta, a sake su. Wani zai ce aikin marasa aikin yi ne. To, irin wannan ƙidaya ce ta nuna cewa a 1969 tsuntsun whitethroat ya ragu ƙwarai a Birtaniya. Da aka bi sawu, ashe farin da aka yi a yankin Sahel ne sanadi, domin a wajenmu yake cin rani.

Da magariba kuma aiki ya koma lambun gida, wajen tarkon malam-buɗe-littafin dare. Akwati ne, a samansa kwan fitila mai haske, a ƙarƙashi mazurari, a ciki an jera kwalayen ƙwai. Malam-buɗe-littafin dare ya zo yana kewaya hasken, ya zame ta mazurarin, ya laɓe a ramukan kwalin har gari ya waye. Ba a kashe shi. Da safe a duba, a rubuta irinsa, a mayar da shi cikin ganye kada tsuntsaye su yi kalaci da shi.

Birtaniya tana da ire-iren malam-buɗe-littafin dare kusan 2,500, sai dai a Nuwamba kaɗan ne ke iya fitowa, wani daren biyu ko uku kacal za ka samu. Akwai ma wanda macensa kusan ba ta da fuka-fuki, hawa bishiya take yi da ƙafa ta jira namiji, don haka mazan kaɗai ke faɗawa akwati.

Cibiyar bincike ta Rothamsted tana kunna irin waɗannan fitilu kowane dare tun 1968. Lissafinta ya nuna cewa zuwa 2017, yawan manyan malam-buɗe-littafin dare da ake kamawa ya ragu da kashi 33 cikin ɗari, kuma abin ya fi muni a kudancin ƙasar.