Jar Ranar da Aka Goge Daga Tutar Najeriya

[Allon waya, ana gungura saƙonnin WhatsApp]

Tun makon jiya hoton nan yake yawo a wayoyin mutanen Kaduna. Kore, fari, kore, kamar yadda muka saba, amma ga wata jar rana zaune a cikin farin. Wasu sun ce sabuwar tuta ce gwamnati ke shirin fito da ita. Wasu sun rantse ta Biyafara ce aka yi wa kwaskwarima. Kawuna na Tudun Wada sau uku yana turo min, har da saƙon murya: "Kai ɗan boko, duba mana wannan." To Kawu, a gyara zama.

[Zauren Lugard Hall daga waje]

Mu ɗan koma baya, amma da sauri. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, tutar da Turawa suka kafa mana shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwa, sai jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida. Duk wanda ya taɓa ganin anini mai huji a tsohuwar adakar kakarsa ya san tauraron nan. Shi ke nan, mu wuce.

Da 'yancin kai ya ƙarato, sai aka sa gasa: kowa ya zano tutar da yake ganin ta dace da sabuwar ƙasa. Wani ɗalibi mai karatun injiniyan lantarki a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, ya ga tallar a jarida, ya yi zanensa ya aiko. A 1959 aka zaɓi nasa, yana ɗan shekara 23. Ladansa fam 100.

[Hoton da ke yawo, a cika allo da shi]

To nan ne wurin da ake ruɗewa, don haka a nan za mu daɗe.

Hoton nan ba ƙarya ba ne. Haka Akinkunmi ya zana abinsa, da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin. Amma zane ne na shiga gasa. Alƙalan gasar suka karɓi kore da fari, suka ce a cire ranar. Ke nan ba a taɓa ɗaga wannan a matsayin tutar Najeriya ba, ko na yini ɗaya. Ba tsohuwar tuta ba ce da aka sauke, ba kuma sabuwa ba ce da ke tafe. Kamar ka kai wa tela yadi ne da samfurin ɗinki, ya ce aikin wuyan nan ya yi yawa, ka ce to a bar shi. Rigar da ka sa ranar Sallah ita ce rigarka, ba wadda ke jikin takarda ba.

Batun Biyafara kuwa, ku duba da idonku.

[Tutocin biyu gefe da gefe]

Waccan ja ce da baƙi da kore, layukanta a kwance, da rabin rana ruwan ɗorawa. Tamu layukanta a tsaye suke. Sannan a 1967 waccan ta fito, shekara takwas bayan an zaɓi zanen Akinkunmi. Ɗa ba ya haifar ubansa, Kawu.

[Tela a Kasuwar Barci, ƙarar keken ɗinki]

Ni dai a ganina alƙalan nan sun kyauta. Dubi malamin nan: ƙyalle uku masu faɗi ɗaya, ɗinki biyu, ya kalmashe baki, tuta ta haɗu. Tsawonta ninki biyu na faɗinta. Ɗan aji ɗaya ma da koren fensir guda zai zana ta, farin kuwa takarda ta riga ta ba shi. Da an bar ranar nan, da yanzu kowane tela da irin tasa, wata kamar tumatir, wata kamar ƙosai.

Ma'anar launukan ba ta da tsawo. Kore, noma da albarkar ƙasa, a zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano. Fari, zaman lafiya da haɗin kai. Masu cewa layuka ukun Hausa ne da Yarbawa da Ibo, sai su gaya mana wace ƙabila ce aka maimaita sau biyu.

[Tsohon hoton bikin 'yancin kai]

Tsakar daren da aka shiga 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga kore-fari-kore. Ba rana a jikinta.

Shi kuwa mai zanen, ya dawo gida ya yi aikin gwamnati a Ibadan ba tare da an cika jin ɗuriyarsa ba. Sai a 2014 aka ba shi lambar girmamawa ta OFR. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2023, yana da shekara 87.

[Tuta na kaɗawa a Dandalin Murtala]

Kawu, a tura wannan bayanin zuwa zauren WhatsApp na masallacin unguwa da na 'yan kasuwa, duk inda aka tura wancan hoton. Ina nan tafe ranar Juma'a, a ajiye min fura.