Kan jirgin da ya girmi layin dogon Kano yana nan yana aiki a Ely

Assalamu alaikum jama'a. Wannan baƙin ƙarfe da ke bayana yana huci a tashar jirgin Ely, kan jirgin ƙasa ne mai lamba 93, kuma an ƙera shi a 1909, shekara biyu kafin layin dogo ya iso Kano a 1911. An jima kaɗan zai ja taragai cike da mutane, har da ni a ciki. Abin da ya ɗaure mini kai tun safe shi ne, garin da ya iya riƙe wannan abu da ransa, wato Ely a gabashin jihar Nevada ta Amurka, mutanensa kimanin 4,000 ne kacal, kuma kowace hanya ka bi daga nan sai ka yi tafiyar sa'o'i cikin daji kafin ka ga babban birni.

Jan ƙarfe ne ya kawo jirgi wannan lungu. Akwai shi jibge a duwatsun da ke yamma da garin, wajen ƙaramin garin Ruth, amma babu yadda za a fitar da shi, sai wani ɗan kasuwa mai suna Mark Requa ya jagoranci shimfiɗa layin Nevada Northern daga Cobre, inda ya haɗu da babban layin Southern Pacific, zuwa nan, nisan kusan kilomita 225. Layin ya iso a 1906, aka gina wannan tashar a 1907. Daga nan jirage suka shiga jigilar duwatsun ma'adini dare da rana daga ramukan Ruth zuwa masana'antar narkarwa da ke garin McGill. An daina ɗaukar fasinja a 1941, ramukan suka rufe a 1978, masana'antar ta bi baya a 1983, jirgi ya tsaya cik.

A nan ne mamakina yake. Kamfanin Kennecott, wanda shi ke da layin a lokacin, ya miƙa wa garin harabar baki ɗaya, da kawunan jirage, da taragai, da ɗakin gyara, da takardun ofis, mutanen gari kuma suka karɓa suka hana a taɓa ko ƙusa. A 2006 gwamnatin Amurka ta sanya wurin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa. Na shiga ɗakin gyaran, warin baƙin mai da hayaƙin kwal suka tarbe ni tun daga ƙofa. Sifanu da tsawonsu ya kai hannun mutum suna rataye a bango, ƙotarsu ta yi sumul saboda riƙo, kuma da su ake aiki har yau, domin babu kantin da za ka je ka sayo kayan gyaran injin da ya haura shekara ɗari. Abin da ya lalace a nan ake gyara shi ko a ƙera sabo. Wani dattijo ɗan sa-kai, hularsa ta yi baƙi ƙirin da maiƙo, ya nuna mini injin share dusar ƙanƙara na 1907, ya ce a ƙarƙashinsa aka haifi kyanwar nan da ake kira Dirt, wadda ta rayu a ɗakin gyaran gashinta duk toka, har ta mutu a 2023. Kyanwa ce fa, amma hotonta yana kan riguna da kofuna a kantin tashar, mutane kuma suna saye.

A saman benen tashar akwai ofisoshi, da teburansu da manyan littattafan albashi da na lissafin kaya, an rubuta da hannu. Nan ne zuciyata ta koma gida, domin mu ma muna da layin da ma'adini ya haifa. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau Jos don ɗauko kuza an rufe shi a 1957, kuma yaran Zariya nawa ne yau za su iya nuna inda ya bi? Na ba dattijon nan labarin dalar gyada ta Kano, yadda ake jera buhuna su yi tsiri suna jiran jirgin da zai kai su Legas, ya saki baki yana saurare, ya ce bai taɓa ji ba. Na gaya masa cewa Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana kasuwanci kafin a aza tubali ɗaya a Ely, kuma ban yi ƙarin gishiri ba. Tarihinmu ya fi nasu tsawo nesa ba kusa ba. Su dai sun fi mu hana ɗan gwangwan shiga harabar tasha.

To, mun hau. Tafiyar ta kusan sa'a ɗaya da rabi ce, ta bi kwazazzabo ta ratsa wani rami da aka huda cikin dutse ta nufi wajen Ruth, inda har yanzu ake haƙar jan ƙarfe, sai dai manyan motoci ke kwashe shi a yau. Tikitin bai kai dala sittin ɗin da na zuba na mai daga Las Vegas ba. Ina gargaɗin duk wanda zai zo: idan za ka zauna a buɗaɗɗen tarago, kada ka kuskura ka sa farar shadda, domin burbushin kwal yana zuba a kan mutum, yana shiga ido, yana maƙalewa a zanen hula, musamman a cikin ramin dutsen nan inda hayaƙi ba shi da wajen fita. Mai zuba kwal kuwa ina hango shi da shebur, yana watsawa cikin wuta yana komawa, gumi na zuba duk da sanyin da ake yi. Garin yana da tudu, kusan mita 2,000 sama da teku, saboda haka ko a lokacin zafi, da yamma ta yi sai ka nemi rigar sanyi.

Da muka sauka na leƙa ƙaramin gidan tarihin gundumar White Pine da ke bakin babban titi, inda suka ciccibo tsohuwar tashar Cherry Creek ɗungurungum suka dasa a harabarsa. Amma wanda ya fi burge ni shi ne kantin magani na McGill, kimanin kilomita 20 arewa da nan, wanda aka rufe da kayansa a kan kanta, kwalabe da man shafawa da takardun magani, aka mai da shi gidan tarihi a yadda yake. Ba kullum yake a buɗe ba, don haka ka tambaya kafin ka kama hanya.

Hanyar ita ma sai da shiri. Daga Las Vegas tafiyar kusan sa'a huɗu ce, gidajen mai suna da nisa da juna, waya tana ɗaukewa a wurare da yawa, saboda haka ka cika tanki duk inda ka samu, ka riƙe ruwa. Ban ga inda ake sayar da naman halal a garin ba, ni dai dambun naman da na taho da shi da burodi ne suka rufa mini asiri, kuma a gefen mota na shimfiɗa darduma na yi Azahar da La'asar.