Steaua Bukarest: Ƙungiyar sojojin da ta hana Barcelona kofi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan faɗa a kan ƙungiyar Steaua ta birnin Bukarest a Romaniya: asalinta, nasarorinta, sai kuma halin da take ciki yau.

Na farko, asali. Rundunar sojin ƙasar ce ta kafa ta ranar 7 ga Yunin 1947, ta yi ta sauya suna har 1961 da ta zama Steaua. A zamanin kwaminisanci wannan ba ƙaramar gata ba ce, domin in yaro ya iya taka leda, to aikin soja na jiran sa, ka ga ƙungiyar soja ta samu ɗan wasa. Babbar kishiyarta, Dinamo, ta ma'aikatar cikin gida ce. Soja da ɗan sanda kenan, ku ƙiyasta irin wasan.

To bari mu tafi 1986, don gaskiya abin da ya kawo ni kenan. Magoya bayan Barcelona, na ga rigunanku, ku yi haƙuri. (Dariya.) Ranar 7 ga Mayu, wasan ƙarshe na Kofin Turai, a birnin Sebiya. A Sifaniya fa! Filin ya cika maƙil da 'yan Barcelona, su kuwa mutanen Romaniya ko fita ƙasarsu sai da izinin hukuma. A lokacin Barcelona ba ta taɓa ɗaukar kofin nan ba, kowa ya ce yau ce rana. Kocinsu Terry Venables, na Steaua Emeric Jenei. Aka yi minti 90 ba ci, aka ƙara 30 ba ci. Wasa ne mai sa barci, ba zan yaudare ku ba. Har mataimakin koci, Anghel Iordanescu, sai da ya ɗaura takalmi ya shiga fili.

Sai fenareti. Steaua ta fara, Majearu ya buga, golan Barcelona Urruti ya tare. Alexanko na Barcelona ya zo, golan Steaua Helmuth Duckadam ya faɗi dama, ya tare. Boloni ya ɓarar. Pedraza ya zo, Duckadam ya sake faɗawa dama, ya tare. Bugu huɗu, raga ba ta motsa ba. Sai Lacatus ya ɗirka tasa ta shiga. Pichi Alonso ya zo, wataƙila yana cewa ai ba zai koma dama sau uku ba. Ya koma! Ya tare. Balint ya ci ta biyu. Saura Marcos. Malam, ajiye wayar nan, nan ne wurin. Duckadam ya faɗi hagu, ƙwallo ta same shi a can. Huɗu cikin huɗu, jama'a. Huɗu cikin huɗu! Ƙungiyar farko kenan daga Gabashin Turai da ta ɗaga kofin.

Bayan 'yan makonni ciwon jijiyar jini ya kama Duckadam a hannu, aka yi masa tiyata, bai sake komawa ganiyarsa ba. Ya mutu a Disambar 2024.

Ina muke? Na uku... a'a, har yanzu na biyu ne. Da sauri: a 1987 sun doke Dynamo Kiev da ci ɗaya a Super Cup, Gheorghe Hagi ya ci da bugun tazara. Wasa 104 a jere a gasar gida ba a doke su ba, kodayake masu adawa na cewa kusancinsu da Valentin, ɗan shugaba Ceausescu, ya taimaka. A 1989 sun sake kai wa wasan ƙarshe, AC Milan ta lallasa su huɗu da nema, Gullit biyu, Van Basten biyu.

Na'am, akwai tambaya? Ya ce ita ce FCSB da yake gani a gidan kallo? Kai, ka taɓo inda ke ciwo. Bayan faɗuwar kwaminisanci sashen ƙwallo ya koma hannun 'yan kasuwa, attajiri Gigi Becali ya mallake shi. Soja suka kai ƙara kotu a kan suna da tambari, suka yi nasara, a 2017 tasa ta koma FCSB, su kuma suka kafa tasu Steaua tun daga rukuni na huɗu. Hukumar UEFA na lissafa kofin 1986 a tarihin FCSB, soja sun ce nasu ne, magoya baya sun rabu gida biyu. In ka tambaye ni, ɓangaren soja na fi karkata, amma mai gabatarwa na ta nuna min agogo. Mu tashi, an kira salla.