Kafireta huɗu, bakin roba takwas: inda ake kakarewa a tsohon Suzuki GS750

Assalamu alaikum. Tun da muka saki bidiyon wankin kafireta, ƙorafi ɗaya ne ke ta dawowa: an cire, an wanke tas, amma wajen mayarwa ta ƙi shiga. Har akwai wanda ya fara zargin ko jikin babur ɗin ne ya tsuke cikin dare. Bai tsuke ba, ɗan'uwa. Robar da ke haɗa kafireta da inji da akwatin iska ce ta tsufa.

Wannan da kuke gani Suzuki GS750 ne, wanda kamfanin ya fito da shi a 1976, bayan ya daɗe yana ƙera babura masu ƙona baƙin mai tare da fetur. Silinda huɗu gare shi, da kafireta huɗu ƙirar kamfanin Mikuni a jere kan ƙarfe ɗaya. In ka saba da Boksa mai kafireta guda, to a nan baki takwas za ka saka a roba: huɗu ta wajen inji, huɗu ta wajen akwatin iska.

Mu yi sauri a nan. Tanki a ƙasa, murafan gefe a cire. Kwance notunan da suka riƙe akwatin iska, ka tura shi baya iya inda zai je. Ɗan sararin da ya samu bai fi faɗin yatsa ba, amma shi ne duk jarinka. Wayoyin totur kuma maƙala su tun kafireta na waje, don in ta shiga, yatsunka ba za su kai ba.

Kafin nan, leƙa bayan robobin wajen inji. Kowace na da siririn zoben roba tsakaninta da kan injin. Kun ga wannan? Ya baje kamar an goge shi da dutsen guga. A canza shi. Sukurorin da suka riƙe robobin nan na Japan ne, kansu ya ɗan bambanta da na sukudireban da muka saba, shi ya sa suke saurin cinyewa. Danna da ƙarfi kafin ka murɗa.

Yawwa. Ga inda nake so mu zauna.

Ku ji ƙarar nan. Roba ce nake ƙwanƙwasawa, amma sai ka ce katako. Ta kusa shekara 50 tana shan zafin inji da tururin fetur, ta bushe, ta kuma ɗan motse. Mutane suna ganin haka sai su ɗauko sukudireba su fara ɓanɓara. Abin da take so zafi ne. Tsoma ta a ruwan zafi kamar minti 10, ko ka hura mata na'urar busar da gashi. In ta uwargida za ka ara, ka nemi izini, ni dai na faɗa maka. Wuta mai harshe kuwa kada ta kusanci wurin, akwai fetur.

Sai ka shafa ɗan ruwan sabulu a bakin. Ni ba na son giris a nan. Sabulu yana bushewa, giris kuwa yana nan da santsinsa, wata rana kafiretar ta zame.

Yanzu shigar da jerin ta gefe, ka saita bakunan da robobin inji, ka tura duka huɗun tare, kana ɗan jijjigawa sama da ƙasa. Saurara... kun ji? Wannan ɗan “ƙwas” ɗin shi ne tudun cikin roba ya faɗa cikin kwarmin bakin kafireta. In ba ka ji shi ba, ba ta zauna ba.

Kuma kada ka ɗaure komai tukuna. Nan ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya ga wajen inji ya shiga, murna ta kama shi, ya ɗaure kilif huɗu, wato zobban ƙarfen da ke matse roba, tamau. Shi ke nan, kafireta ta kafe, babu motsin da zai bari na baya, na wajen akwatin iska, su daidaita. Bar su sako-sako. Jawo akwatin iska gaba, ka fara da na tsakiya, ta biyu da ta uku, don su ne hannu ba ya kaiwa.

Bari mu kai kyamara ƙasa. Daga sama robar nan ta hau lafiya lau, ko? To ku dubi ƙarƙashinta a madubi. Leɓen ya naɗe ciki. Ido ba ya ganin wannan sai da madubi da tocila. Samo ƙarfe siriri mai lanƙwasa, wanda ka dakushe bakinsa, ka zura tsakanin roba da kafireta, ka zagaya a hankali har leɓen ya fito. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In wata ta huce ta sake taurara, a sake hura mata zafi. Ba gaggawa.

Me ya sa nake nacewa? Ɓula ta wajen inji tana shigar da iskar da ba ta bi ta kafireta ba, sai iska ta rinjayi fetur, inji ya yi zafi, ka saki totur ya ƙi sauka da wuri. Ɓula ta wajen akwati kuma ƙura take shigarwa ba tacewa, ka ƙiyasta abin da hazon hunturu zai yi wa fistin. Wanda bai sani ba sai ya koma yana ta murɗa silo, wato sukuron saita gudun inji in an saki totur, alhali laifin na roba ne.

Robar da ta tsage, ko ta motse har ba ta kai bakin ba, babu ruwan zafin da zai cece ta. Sayi sabuwa. Ina ganin masu naɗe ta da salatif, sati biyu za ka sake kwance babur.

Takwas sun zauna? Yanzu ɗaure na inji, sannan na baya, notunan akwati a ƙarshe. Matsewa kaɗan ta isa, kilif na iya yanka roba. Mayar da tiyon mai da tanki, ka tayar da inji.

Bar shi ya ɗumama a silo, a fili, ka ɗan fesa maganin wanke kafireta a bakin kowace roba, nesa da salansa. In ƙarar inji ta sauya, nan iska ke sata. Ta ɗaya, shiru. Ta biyu, shiru. Ta uku... kun ji ya ɗaga? To, miƙo min madubin nan.