Kowace Rana da Littafinta: Kalandar Tarihin Arewa a Ƙofar Laburare

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron ma'aikatan laburare da malaman makaranta a Kaduna. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamaina da ke sahun gaba, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, abokan aiki, da ɗaliban da na hango sun cika bayan zaure, barkanmu da warhaka.

Abin da zan yi magana a kai ƙaramin aiki ne, har wani zai raina shi. Allo ɗaya a bakin ƙofar laburare, da alli. Kullum da safe ma'aikaci ya rubuta kwanan watan ranar, ya rubuta abin da ya faru a ƙasar nan a rana irin ta yau cikin jimla biyu ko uku, sannan a ƙasa ya sa sunan littafi ɗaya, da shafin da za a buɗe, da lambar kantar da yake kai. Shi ke nan. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya jiran a saki kuɗin kasafi.

Dalilina shi ne, mafi yawan masu shiga laburarenmu yau ba littafinmu suka zo nema ba. Sun zo da nasu a jaka, na WAEC ko na JAMB, kujera da shiru kawai suke so. Yaro zai yi wata uku yana zama kusa da kantar tarihi bai taɓa miƙa hannu ba. Ban ga laifinsa ba. Idan ka ce masa "je ka karanta tarihin Arewa", ka ɗora masa kayan da bai san ta inda zai kama ba. Amma idan ka ce masa yau shekara kaza ke nan da abu kaza ya faru a bayan gidanku, ga shafi huɗu da suka ba da labarin, to ka rage masa aiki, ka kuma tsokano shi.

Bari in ɗauki rana guda ku ga yadda abin yake. Ranar 15 ga Maris. A wannan rana a 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, bayan sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar gari ya nufi gabas, jama'a suka yi ta bin sa, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. To, a wannan rana dai ta 15 ga Maris, a 1959, Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya, hedkwata tana nan Kaduna. Shekara 56 tsakani. Kuma da gangan aka zaɓi ranar. Tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne yake karɓar abin da aka ƙwace daga gidansu, ya kuma so kowa ya lura.

Yanzu me za ka rubuta a ƙasan allo? A nan aikin yake. Kana iya tura yaro ga littafin da Sardauna ya rubuta kan rayuwarsa, wanda ya fito a 1962. Kana iya tura shi ga rahoton Gwamna Lugga na shekara-shekara, inda Bature yake ba iyayen gidansa na Landan labarin nasarar da ya yi da dalilan da ya ce sun sa shi yaƙi. Amma akwai murya ta uku da ba kasafai ake ji ba. Waziri Buhari, wanda bai bi Attahiru ba har ƙarshe, ya dawo ya yi sulhu da Turawa, ya rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana hujjarsa da irin damuwar da ta cika zuciyarsa. Ni da zan zaɓa, bana in sa rahoton Lugga, baɗi in sa wasiƙar Waziri, ko ma in jera su rana guda. Wanda ya karanta biyun ba zai ƙara ɗaukar 1903 a matsayin labarin jarumai da maciya amana kawai ba. Zai ga mutane ne da suka shiga tsaka mai wuya, kowa yana neman mafita a cikin littattafan da ya karanta.

Wasu ranakun cike suke har sai ka rasa na zaɓa. Ku dubi 1 ga Janairu. A 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lokoja aka ce Arewa ta shiga ƙarƙashinta. A 1914 aka haɗe Arewa da Kudu. A 1966 jaridar New Nigerian ta fara fitowa a garin nan. A 1973 naira ta maye gurbin fam. Kuma a ranar ce mutanen Kagoro suke bikin Afan duk shekara. Rana ɗaya ta ba ka allon shekara biyar ba tare da maimaici ba.

Kan New Nigerian ɗin nan ina so in ɗan tsaya. Mako biyu kacal da fara fitowarta aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu a gidansa, daren 15 ga Janairu 1966, a gidan da yau muke kira Arewa House, wanda tun 1970 ya zama cibiyar adana tarihi da bincike, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarta. Kowa ya san za a sa wannan rana a allo. Shawarata ita ce kada a tsaya ga littattafan da aka rubuta bayan shekara ashirin, lokacin da kowa ya riga ya zaɓi ɓangare. A tura mai karatu ga ɗaurarrun jaridun watan, ya karanta ta 14 ga wata, lokacin da babu wanda ya san abin da ke tafe, ya ga labaran da suka cika shafi da tallace-tallacen da ke gefe, sannan ya buɗe ta bayan juyin mulki. Babu malamin da zai koyar da abin da wannan buɗe shafin yake koyarwa. Kuma shekara huɗu daidai bayan nan, 15 ga Janairu 1970, aka rufe yaƙin basasa. Shi ya sa ake tunawa da 'yan mazan jiya a ranar.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kalanda tana da son kai. Wanda ya ajiye fayil shi take tunawa. Ku shiga gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon, ku nemi fayilolin Zarprof ko Kanoprof, wato na lardin Zazzau da na Kano, ko na sakatariyar lardunan Arewa. Za ku ga ranar da Razdan ya fita rangadi, ranar da Di'o ya ƙiyasta harajin gunduma, ranar da aka tuɓe hakimi. Duk da kwanan wata, wani har da ƙarfe nawa. Amma ranar da manomin auduga ya fara kai kaya ma'auni, ko ranar da matan wani ƙauye suka gudu dutse saboda mahara, babu wanda ya rubuta. Idan muka bi kwanan wata ido rufe, allonmu zai zama jerin naɗin sarauta da sauke gwamnoni daga Janairu zuwa Disamba, yaro ya tashi da tunanin talaka bai yi komai ba a ƙasar nan sai biyan haraji.

Iyayenmu ba haka suke lissafin zamani ba. Tambayi dattijo shekarar haihuwarsa, sai ya ce shekarar 'Yar Gusau, yana nufin yunwa. Na gabansa suna cewa Ƙaƙalaba, yunwar 1914. Na bayansa su ce shekarar da mota ta koma hannun dama, wato 1972, ko shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ko shekarar da aka fara UPE, ilimin firamare kyauta, 1976. Wannan ma kalanda ce, kuma ita ce ta mutane. Saboda haka inda babu rana, a ba abin mako. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a sa makon yunwa. Da kaka a sa makon auduga da masaƙa, a ba da labarin masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957, yadda ta jawo mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya, da yadda injinanta suka yi shiru a farkon shekarun 2000. Tsofaffin ma'aikatanta suna nan da ransu a Kakuri da Makera da Nasarawa. A gayyato ɗaya ya zauna kusa da allo ya amsa tambaya.

Ga mata kuwa akwai labarin Baba ta Karo, tsohuwa daga ƙasar Zazzau da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, tarihin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Aure, kishi, ƙawance, harin bayi, zuwan Turawa, duk daga bakin mace da ta gani da idonta. Wannan littafi shi kaɗai zai ci makonni. Sarauniya Amina ma ba ta da rana. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, ƙarni na 15, wasu masana kuma suka kai ta ƙarni na 16. A rubuta saɓanin a allo yadda yake, a ce ga abin da wannan ya ce, ga abin da wancan ya ce, Turunku kuma, garin da ake danganta ta da shi, tana nan Igabi ga mai son zuwa. Kada wani ya ƙirƙiro mata ranar haihuwa don allo ya cika. Na faɗi haka ne don na san halinmu: abin da aka rubuta sau ɗaya a bango, bayan shekara biyu ya zama hujja a jarrabawa.

Haka kudancin jiha. Idan allon laburare a Kaduna ya shekara bai ambaci Nok ba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, waɗanda suka girmi duk wata masarauta da muka sani a nan. Bai ambaci yadda jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan gari ba. Bai ambaci makarantun mishan da suka yaye malamai da ma'aikatan jinya ba, to yaron da ya tsallako gada daga Sabon Tasha zai karanta allon ya ce wannan ba nasa ba ne. Kuma ya yi gaskiya.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Ranka ya daɗe, a ƙara mini kaɗan.

Akwai batun lissafin Hijira. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu ranar 3 ga Jimada Sani 1232, wanda ya yi daidai da 20 ga Afrilu 1817. Hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a watan Zulƙida 1218 ce, wato 21 ga Fabrairu 1804. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka ranar tunawa takan rabu biyu. Ni ina ganin abin da masu shi suka rubuta da lissafin Hijira, a tuna shi da lissafin Hijira, a sa na boko a gefe. Hakan ma zai sa yaro ya tambayi dalili, a nan malamin lissafi ya sami shiga.

Sai ranaku masu nauyi, waɗanda na san wasunku suna jira su ji ko zan kauce musu. Rikicin Kafanchan a watan Maris 1987. Zangon Kataf a 1992. Garin nan a Fabrairun 2000, da kuma Nuwamban 2002. Bayan su ne kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin unguwanni. A cikin zauren nan akwai waɗanda suka rasa 'yan'uwa da gidaje. Wasu abokan aiki sun ce a bar su, kada a fama ciwo. Na fahimce su, amma ban bi su ba, domin yaran suna jin labarin a gida da majalisa, kowa daga bakin nasa, kuma da ƙari. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta ranar a taƙaice, ba adadin gawa, ba sunan ƙabila a matsayin mai laifi, ba ƙasidar da wani ɓangare ya buga don kare kansa. A zaɓi aikin bincike da ya saurari kowa, ya kuma koma baya ga batun kasuwa da fili da sarauta da suka riga rikicin. Kuma allon irin wannan rana kada mutum ɗaya ya rubuta shi. Mutum biyu, daga ɓangarori biyu, su amince da kowace kalma kafin a ɗauki alli.

(Wata malama ta tambaya: idan laburaren ba shi da littafin da ya dace da ranar fa?)

Hajiya, to kada a rubuta shi. Babu abin da ke kashe wannan aiki kamar yaro ya karanta allo, ya je kanta ya tarar da wayam. Sau biyu aka yi masa haka ba zai sake ɗaga kai ba. Shi ya sa nake cewa a fara daga kanta, a dawo kalanda. A zagaya a ga me ake da shi a hannu, har tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, da kundin ɗaliban digiri da ke shan ƙura, da mujallun makarantu. Sannan a nemo wa kowanne ranarsa. Idan shafi uku kawai ake buƙata daga littafin da ke Arewa House ko Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, a nemi izini a yi hotonsu, a sa a fayil kan tebur, a rubuta inda asalin yake. Idan kuma abin da kuke da shi bai wuce na rana 100 ba, ku fara da su, allo ya kwana biyu ko uku da rubutu ɗaya. Mu a makarantu ma ana iya ba ɗalibin aji biyar ya karanta shi a taron safe, shi ya nemo shafin da kansa, malami ya duba kwanan watan a wuri biyu kafin ya amince.

Shugaban taro, ga makirfo. Na gode.