Sharhi: Me ya sa hasashen Kofin Stanley yake yawan kuskure?

Jama'a masu sauraro, barkanku da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu Kanada da Amurka, inda duk shekara idan watan Afrilu ya kama ake shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na gasar hokin ƙanƙara ta NHL, kuma masana da 'yan jarida da magoya baya kowa ya fito da hasashensa a kan ƙungiyar da za ta fitar da 'yar'uwarta, da wadda za ta ɗaga Kofin Stanley a watan Yuni. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wannan hasashe yake yawan faɗuwa, ko da kuwa daga bakin mutanen da suka shafe rayuwarsu suna nazarin wasan ya fito.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace ƙungiya tana saka mutum shida a fili, biyar masu gudu a kan ƙanƙara da sanduna a hannu, sai mai tsaron raga, kuma abin da suke bugawa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowacce takan yi wasanni 82 na tara maki, sannan 16 su tsallaka. Daga nan ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, wato ba za a wuce wasa bakwai ba. Zagaye huɗu ne, don haka sai ƙungiya ta yi nasara sau 16 cikin kimanin wata biyu kafin ta taɓa kofin da Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, ya bayar a 1892.

A bisa hankali, wanda ya fi kowa maki a wasanni 82 shi ya kamata a zaɓa. Tun kakar 1985 zuwa 1986 ake bai wa irin wannan ƙungiya kambu na musamman, kuma daga lokacin zuwa 2025 an bayar da shi sau 39, amma sau 8 kacal mai riƙe da shi ya haɗa da Kofin Stanley a shekarar. Na ƙarshe a cikinsu ita ce Chicago Blackhawks a 2013. Wannan ne ya sa magoya baya da dama suke cewa kambun yana da baƙin jini, har wasu na addu'ar kada ƙungiyarsu ta samu. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma lissafi ma bai goyi bayanta ba. Takwas cikin 39 ya kai kusan ɗaya cikin biyar, alhali da ƙuri'a ake jefawa tsakanin ƙungiyoyi 16, da rabon kowacce ɗaya ne cikin goma sha shida. Ashe ƙarfin da teburi ya nuna na gaske ne, sai dai bai kai girman da mutane suke ba shi ba.

Mu ɗauki abin da ya faru a 2019. Tampa Bay Lightning ta ci wasanni 62 ta tara maki 128, tauraronta Nikita Kucherov shi ma ya fi kowa bajinta a kakar, kuma da wuya a samu mai sharhin da ya bai wa Columbus Blue Jackets nasara, ƙungiyar da tun kafuwarta ba ta taɓa tsallake ko zagaye ɗaya ba. A wasan farko Tampa ta zira uku babu ko ɗaya tun a kashin farko, amma aka tashi Columbus na da huɗu tana da uku. Daga nan komai ya kwance mata. Aka dakatar da Kucherov a wasa na uku saboda keta, babban mai tsaron bayanta Victor Hedman ya ji rauni bai buga wasanni biyun ƙarshe ba, Columbus kuwa ta cinye wasa huɗu a jere. Aikin wata shida ya rushe cikin mako guda.

Bayan shekara huɗu aka ga abin da ya fi wannan. Boston Bruins ta kafa tarihi a kakar 2022 zuwa 2023 da nasara 65 da maki 135, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi, ta kuma haɗu da Florida Panthers wadda ta shiga da ƙyar da maki 92. Boston ta ci uku cikin wasanni huɗun farko, saura ɗaya ta wuce. Florida ta rama biyu, kuma a wasa na bakwai, a gidan Boston, masu gida na gaba da uku da biyu har saura kimanin minti ɗaya a tashi, sai Brandon Montour ya farke, Carter Verhaeghe kuma ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan dare tazarar maki 43 ba ta amfana wa Boston komai ba. Amma a lura da kyau, da faifan Montour ya kauce da faɗin tafin hannu, da duk wanda ya zaɓi Boston ya kwana ana yaba masa basira. Hasashen bai sauya ba, nazarin bai sauya ba, bugu guda ne ya raba yabo da zargi.

A nan ne nake ganin tushen al'amarin yake. Hoki wasa ne da ba a yawan zira ƙwallo, jimillar abin da ƙungiyoyi biyu suke ci a wasa ɗaya kusan shida ne a matsakaici, kuma da yawa daga ciki na shiga ne bayan faifan ya bugi takalmi ko sanda ko jikin wani ya sauya hanya. Ga kuma dokar ƙayyade albashi da aka fara aiki da ita a 2005, wadda ta hana ƙungiyoyi masu kuɗi tara dukkan gwanaye, ta sa ƙarfin ƙungiyoyin ya matso kusa da juna. Idan muka ɗauka ƙungiya tana da damar cin kowane wasa da kashi 55 cikin ɗari, lissafi ya nuna damarta ta cin huɗu cikin bakwai kusan kashi 61 ce kawai. Idan ma damar ta kai kashi 60 a kowane wasa, wanda babban fifiko ne a wannan mataki, to ta zagayen ba ta wuce kashi 71 ba, kuma idan aka bi zagaye huɗu da irin wannan fifiko, damar ɗaukar kofin ta dawo kusan ɗaya cikin huɗu. Ma'ana, ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a duk gasar, ita ma rashin kofin ya fi mata kusa da samunsa.

Sai batun mai tsaron raga, wanda shi kaɗai yake iya juya zagaye gaba ɗaya. A 2010 Washington Capitals ta Alexander Ovechkin ta zo da maki 121, ta fi kowa zira ƙwallo, ta kuma yi gaba da Montreal Canadiens da uku da ɗaya. A wasanni ukun da suka rage 'yan Washington sun kai hari raga sau 134, mai tsaron ragar Montreal Jaroslav Halak ya tare 131, aka fitar da su. Duk wanda ya kalli waɗannan wasanni ya san Washington ce ta riƙe filin, amma mutum ɗaya ya tsaya mata a gaba na tsawon kwana biyar ko shida. Babu wani ma'auni da zai faɗa maka tun a watan Maris cewa wane mai tsaron raga ne zai yi irin wannan tashe a watan Afrilu. Haka St. Louis Blues, wadda take ta ƙarshe a duk gasar a farkon Janairun 2019, ta saka sabon mai tsaron raga Jordan Binnington, kuma a watan Yuni ta doke Boston a wasa na bakwai ta ɗauki kofinta na farko.

To shin hakan na nufin nazari ba shi da amfani? Ko kaɗan. Labarin Los Angeles Kings na 2012 ya nuna inda nazari yake cin riba. Ƙungiyar ta shiga a matsayi na takwas a shiyyar yamma, wato na ƙarshe, kuma tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin zira ƙwallo a kakar. Mai duba teburi kawai ba zai kula ta ba. Amma masu bin ƙididdiga sun lura cewa bayan zuwan koci Darryl Sutter a Disamba da sayen Jeff Carter a Fabrairu, ƙungiyar tana kai hari fiye da yadda ake kai mata da tazara mai yawa, ƙwallon ce kawai ba ta shiga. Wannan ma'auni na ƙidaya duk wani bugu da aka nufi raga da shi, wanda ake kira Corsi da sunan wani tsohon mai horar da masu tsaron raga a Buffalo, ya fi yawan ƙwallaye iya nuna wanda yake riƙe da wasa, domin hare-hare suna da yawa, sa'a ba ta cika rinjayarsu ba. Kings ta fitar da ta ɗaya da ta biyu da ta uku a shiyyarta, ta doke New Jersey a wasan ƙarshe, ta ci 16 ta faɗi 4 kacal. Gaskiya ne Jonathan Quick ya tare kusan kashi 95 cikin ɗari na hare-haren da aka kai masa, amma a wannan karon bajintar mai tsaron raga ta hau kan ƙungiyar da dama can ƙarfinta ya fi matsayinta.

Akwai kuma dalilin da ya sa teburi yake yaudara. A wasannin tara maki, idan aka yi canjaras ana ƙara minti biyar da mutum uku-uku, idan ba a rabu ba a koma bugun ɗaya-da-ɗaya da mai tsaron raga, kuma wanda ya faɗi a nan yana samun maki ɗaya. A zagayen kofi babu wannan. Ana ci gaba da mutum biyar-biyar, minti ashirin-ashirin, har sai wani ya ci. A 2020 Tampa da Columbus sun kai ƙarin lokaci na biyar, mai tsaron ragar Columbus Joonas Korpisalo ya tare hari 85, amma duk da haka ƙungiyarsa ta faɗi. Don haka makin da aka tara ta hanyar da babu ita a zagayen kofi bai kamata mai hasashe ya lissafa shi da nauyi ɗaya da sauran ba.

Rauni shi ma wani duhu ne da mai hasashe yake tafiya a cikinsa. Ƙungiyoyi ba sa bayyana ainihin ciwon ɗan wasa a wannan lokaci, iyaka su ce ya ji rauni a saman jiki ko a ƙasan jiki, don kada abokan hamayya su nufi wurin. Sai bayan an gama ake jin gaskiya. Patrice Bergeron na Boston ya buga wasan ƙarshe na 2013 da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, aka kuma kwantar da shi asibiti saboda huda a huhu. Matthew Tkachuk na Florida ya buga wasa a zagayen ƙarshe na 2023 da karaya a ƙashin ƙirji. Wanda yake zaune a ɗakin labarai yana auna ƙungiyoyi da sunayen da ke kan takarda, alhali jikin masu sunayen ya riga ya sauya.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mai hasashe na gaskiya ya daina cewa ƙungiya kaza za ta wuce a wasa biyar kamar wanda ya gani da idonsa. Ya ce ya ba ta shida cikin goma, ya faɗi dalilinsa, ya nuna yawan harin da take kaiwa idan ana biyar-biyar, da yadda take amfani da damar da take samu idan an kori ɗan wasan hamayya na minti biyu, da halin da mai tsaron ragarta yake ciki, da yadda ta buga a watanni biyun ƙarshe bayan an rufe cinikin 'yan wasa. Mu kuma masu sauraro mu auna shi da zagaye hamsin ko ɗari, mu ga ko abin da ya ce shida cikin goma yana faruwa kusan sau shida cikin goma. Yanke masa hukunci da zagaye ɗaya zalunci ne idan ya faɗi, yabo ne da bai cancanta ba idan ya dace.

Abin da ya biyo bayan waɗancan abubuwan mamaki ma ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Tampa da aka yi wa dariya a 2019 ba ta watsar da manyan 'yan wasanta ko kocinta Jon Cooper ba, kuma ta ɗauki kofin a 2020 da 2021, ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 2022. Florida da aka ɗauka sa'a ce ta kai ta zagayen ƙarshe a 2023 ta dawo ta ɗauki kofin a 2024 da 2025, duka biyun a hannun Edmonton Oilers ta Connor McDavid, ƙungiya daga Kanada. A 2024 ɗin ma Florida ta ci wasa uku na farko, Edmonton ta rama uku, kuma da ta ci na bakwai da ta zama ta biyar a tarihi da ta farfaɗo daga irin wannan rami, bayan Toronto a 1942, da New York Islanders a 1975, da Philadelphia a 2010, da Los Angeles a 2014. An tashi Florida na da biyu Edmonton na da ɗaya, ɗan wasan Florida Sam Reinhart ne ya ci ta biyun, kuma Kanada ta ci gaba da jiran kofin da rabonta da shi tun nasarar Montreal a 1993.